Yadda Na Wanke Ginshiƙin Gidan Kifi

Tun da na dawo daga bakin teku ban sami sukuni ba. In na je masallaci ranar Juma'a, kafin in gama saka takalmi an tare ni. In na shiga shagon kayan miya a titin Gate City, ina cikin zaɓen attaruhu sai in ji an taɓa mini kafaɗa: “Maman Sadiya, wai da gaske ne?” Laifin ƙawata Anti Fati ne. Ita kaɗai na kira a waya ranar da abin ya faru, ita kuwa labari ba ya kwana a cikinta. Yanzu har an kai ga cewa wai na ƙona wa Turawa gidan tarihi. Ban ƙona komai ba. Ga yadda aka yi tun daga farko, kowa ya karanta ya bar ni in yi cefanena.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi, 'yar Zariya ce ni, shekarata tara a Greensboro. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara uku ke nan ina kula da wata dattijuwa a Summerfield mai suna Rut. Ni dai Mama nake ce mata, don bakina ba zai iya kiran sa'ar kakata gatsal ba. Ta haura tamanin, tana zaune tare da 'yarta Linda. Takan manta ko ta karya kumallo, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, amma da an ambaci kifi sai ta gyara zama. 'Yar masunta ce, daga wani ƙaramin gari can gabas a bakin teku.

Wata safiya Linda ta same ni a kicin da takarda a hannu, idanunta sun yi ja. Ta ce a garinsu akwai wani gidan kifi na katako da kakanta ya gina a kan ruwa, inda jiragen masunta suke sauke kamu a auna a zuba ƙanƙara. An daɗe da daina aiki a cikinsa. Hukumar garin ta ce ya tsufa, zai iya faɗo wa wani, don haka za a rushe shi, sai fa in an shigar da shi cikin jerin gine-ginen tarihi na jiha. Wata jami'a za ta je ta duba shi ranar Juma'a da ƙarfe goma. Abin da ta gani ta rubuta, shi ke nan.

“Mama ta ce sai an je da ita,” in ji Linda. “Ni kaɗai ba zan iya da tuƙi da ita ba. Za ki zo?”

Za ki zo! Ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shi ma rabi gajimare. Kafin ta rufe baki na amsa. Abban Sadiya da na gaya masa cewa ya yi in je in gano musu, amma kada in dawo ina ce masa na iya iyo. Na cika kula da shinkafa da miya, na ɗauki dambun nama, kwalbar yaji, kasko da turaren wuta da gawayinsa, don ni ba na kwana a ɗakin da ban turara ba.

Ranar Alhamis bayan asuba muka kama hanya. Babban titin nan mai lamba arba'in muka bi, muka sha cunkoson Raleigh, daga nan ƙasa ta shimfiɗe, ba tudu ba kwari. Gonakin auduga na gani dama da hagu har na tuna hanyar Funtuwa. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne allunan gidajen abinci. Kowane gari muka shiga, ga hoton alade sanye da rigar kuku yana murmushi, yana kiran mutane su zo su ci ɗan'uwansa. Na ƙara rungume kulata.

A wani gidan mai muka tsaya in yi azahar. Na shimfiɗa darduma a kan ciyawa can gefe. Ina cikin raka'a ta biyu na lura da wani tsoho ya tsaya nesa kaɗan, ya cire hularsa ya riƙe. Na ce a raina to, yau kuma da me aka zo. Ina sallamewa ya matso da ladabi, ya ce bai so ya katse ni ba ne, amma a bakin gidan jajayen tururuwa na shimfiɗa abin sallata. Kafin ya ƙarasa sun fara gaishe ni a idon sawu. Rawar da na taka a wurin nan, Allah ya sa babu ɗan Zariya ko ɗaya da ya gani.

Daga nan sai fadama da gadoji, har titi ya ƙare a bakin ruwa. Garin su Mama sai da jirgin fito ake shigarsa. Motoci sun yi layi, ga shinge, ga wani mutum da riga mai ruwan ɗorawa yana bin mota mota da takarda. Duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka ya san wannan tsayuwar. Kafin ya iso na zaro fasfo da girin kad na izinin zama da lasin tuƙi, na jera su a hannu. Ya dube su, ya dube ni, ya ce sunan mai mota kawai yake nema, har yanzu muna cikin North Carolina. Linda ta kifa kai a sitiyari tana dariya har da hawaye. Ban ji haushi ba, don rabon da in ga ta yi dariya tun zuwan takardar nan.

Jama'a, jirgin fiton nan abin kallo ne. Motarmu, da motar gabanmu, da wata ƙatuwar motar kaya, duk ya haɗiye mu ya tashi kamar bai ɗauki komai ba. Na fito na kama ƙarfe na tsaya. Ruwa gaba, ruwa baya, iska na neman raba ni da mayafina. Daɗi ya cika ni har na rasa wanda zan gaya wa, sai na hau ɗaukar bidiyo ina tura wa kowa, har da matar da muka yi shekara ba ma magana. Wasu fararen tsuntsaye masu tsiwa suka biyo mu, ɗaya ya fizge burodi daga hannuna ko kunya babu. Bayan rabin awa kuma cikina ya fara juyawa, na koma mota a sanyaye. Mama na zaune daram tana cin dambuna. Ta ce, “Daina kallon ƙafarki, 'yar nan. Kalli can inda ruwa ya haɗu da sama.” Na kalla, kuma ya yi magani.

Sunan garin ba zan rubuta ba, Linda ta ce masu yawon buɗe ido sun ishe su haka. Ƙarami ne, gidajensa duk a ɗage kan dogayen ƙafafu kamar rumbuna, saboda ambaliya. Kowa ka wuce sai ya ɗaga maka hannu, ko ya san ka ko bai san ka ba, abin da ban taɓa samu a unguwarmu ba cikin shekara tara. A gidan Baba Wili muka sauka, ɗan ƙanin mahaifin Mama ne, tsohon masunci, dogo, fuskarsa duk rana ta dafa ta. Turancinsa kuwa, na rantse da farko na ɗauka wani yare ne. Sai ya faɗa, Linda ta maimaita mini da Turancin mutane. Mis Rabi yake kirana. Ɗakin da aka ba ni tsaf yake, sai dai ina ɗaga labule na ga kaburbura guda shida a bayan gida, kusa da igiyar shanya. Wai haka suke yi, kowa na binne nasa a gida. Na karanta abin da ya sawwaƙa na saki labulen, ban ƙara ɗaga shi ba har muka taho.

Da la'asar muka je ganin gidan kifin. Ba zan ɓoye muku ba, da na hango shi raina shi na yi. Duk wannan tafiyar saboda wannan? Wata doguwar rumfa ce ta katako tsaye kan turaku a cikin ruwa, katakon ya koɗe ya koma ruwan toka, kwanon rufin ya yi tsatsa, gefe ɗaya ya ɗan karkace. A gida ko akuyoyi aka ce a zuba a ciki sai mai su ya yi tunani. Amma Mama na ganinsa ta saki hannuna, ta taka gadar katakon da sandarta ita kaɗai, ta ɗora tafin hannu a jikin ƙofar ta daɗe a haka. A nan na gane in aka rushe wurin nan, ba za mu koma Summerfield da ita yadda muka zo da ita ba.

Ciki kuwa ba a magana. Yanar gizo-gizo kamar labule, kashin tsuntsaye, tsofaffin raga a jibge, wani ƙaton sikeli ya yi ƙura, ga ƙarni da ya kama katako tun kafin a haife ni. A tsakiya akwai wani ƙaton ginshiƙi da ya riƙe bene, an zazzane shi da rubuce-rubuce tun daga gwiwa har sama da kaina. Na yi tsaki a raina, na ce yaran ko'ina ɗaya suke, ba su ga bango su ƙyale. Linda da Baba Wili suka zagaya waje duba rufi, Mama kuma ta gaji, sai na mayar da ita gida. Babu wanda ya yi mini bayanin komai, ni ma ban tambaya ba. A zatona tarihin yana cikin jakar takardun Linda.

Abincin yamma ya kusa mantar da ni. Baba Wili ya gasa kifin da ya kamo da hantsi, ya dafa jatan lande tuli guda, ya soya wasu dunƙule-dunƙulen masara masu kama da ƙosai, sai dai da ɗan zaƙi. Ganyen da ya dafa na tambaya, ya ce da ɗan naman alade a ciki, ya yi ta ba ni haƙuri kamar ya taka ni. Akwai wani abu mai ɓawo da suke ɓarewa su zuƙe ɗanye, wannan na ce na gode, na ƙoshi. Na fito da yajina na barbaɗa a kifi. Ya ce a ɗan sam masa. Ya yi atishawa sau huɗu, ya share ido, ya miƙo faranti a ƙara. Kwalbar a can na baro ta.

Amma ina cin abinci zuciyata na kan ƙazantar nan. Ni da na tashi a gidan da in aka ce duba-gari na tafe, kakata sai ta tashe mu mu wanke randa, mu share har bayan ɗaki, mu kwashe toka. Gobe babbar baƙuwa za ta zo duba wuri, kuma a haka za ta same shi? Ai tana leƙawa za ta toshe hanci ta rubuta a rushe. Na dubi Linda ta gaji, na dubi tsofaffi biyu, na ce Rabi, kin ci kifin mutane, ga ranar da za ki yi musu amfani. Ban gaya wa kowa ba, so nake su zo su gani su yi mamaki.

Ina idar da sallar asuba na zare makulli daga ƙusar da na ga an rataye shi, na ɗauki tsintsiya da bokiti da buroshi da sabulu, na nufi bakin ruwa. Gari ya fara wayewa, jirage biyu na fita, masu su suka ɗago mini hannu. Na ɗaure ɗankwali na kama aiki. Na kakkaɓe yana, na share, na kwashe, na goge sikeli har lambobinsa suka fito. Wallahi daɗi nake ji, har 'yar waƙa nake yi. Ƙarnin ne ya ƙi tafiya, sai na kunna gawayi a kasko na zuba turare mai yawa na ajiye a tsakar wurin. Sannan na juyo kan ginshiƙi.

Kowace mace ta san daga sama ake fara wanki, don dauɗa ta gangaro. Na jawo akwati na taka. Rubutun can sama da farin alli aka yi shi, ya dusashe, shafa biyu ya tafi. Na ce ka ga mai sauƙin kai. Na biyu da na uku na fensir ne, suka yi mini gardama, na sa ƙarfi. Ina kan na huɗu na ji gudu a kan gada, ƙofa ta bugu, sai ga Baba Wili daga shi sai singileti da bokitin ruwa. Hayaƙi ya hango yana fita ta tagar gidan katako. Bai tsaya tambaya ba ya sheƙa wa kaskona ruwa.

Na buɗe baki zan yi masa faɗan turarena, mai tsada ne, daga Maiduguri aka kawo mini. Sai na ga ba ni yake kallo ba. Ginshiƙin yake kallo, da kumfar da ke gangarowa a jikinsa. Ya ajiye bokitin a hankali ya zauna a kan akwati.

“Mis Rabi,” ya ce, kuma wannan karon kowace kalma na ji ta, “ba yara ne suka yi wannan ba.”

Ya ce a ƙasar nan kowace babbar guguwar teku suna ake raɗa mata kamar mutum. Duk wadda ta shigo da ruwa cikin gidan kifin, in ta wuce, sai wani daga cikin dangi ya ja layi a daidai inda ruwan ya tsaya, ya rubuta sunanta da shekarar. Iyaye, 'yan'uwa, shi kansa, duk hannunsu na jikin ginshiƙin. Takardun ginin ruwa ya daɗe da cinye su, wannan ne kaɗai shaidar shekarunsa. A hoto rubutun ba ya fita sosai, shi ya sa jami'ar za ta zo ta gani da idonta. Na allin nan na can sama shi ne mafi tsufa. Mahaifiyar Mama ce ta rubuta shi, kuma ya daɗe haka ne saboda tun daga ranar ruwa bai sake kaiwa wurin ba.

Na sauko daga kan akwatin ban san na sauko ba. Linda ta iso, ta duba, ta rufe baki da hannu. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Na san taimako kika yi niyya,” ta fita waje ta tsaya tana kallon ruwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji nake ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuma ba ƙasa a ƙarƙashina sai ruwa.

Na zagaya baya na kira Anti Fati, 'yar Kumasi, ina kuka. Tana shirin fita aiki. Ta saurara ta ce, “Ei, Rabi. Wa ya aike ki? Ke ko'ina kika je sai kin yi kilinin, shara da goge-goge? To kuka ba zai mai da shi ba. Je ki gaya wa tsohuwar da bakinki kafin wani ya riga ki. In sun kore ki, akwai aiki a wajenmu.”

Na koma gida na sami Mama a kujera, na durƙusa a gabanta yadda zan durƙusa wa kakata, na faɗa mata komai. Ta dube ni da idanun nan nata masu ruwa-ruwa, ta ce, “Na karya kumallo kuwa?” Na ce a'a, Mama. Na tashi na dama mata hatsinta ina hawaye. Ban san ko ta ji ko ba ta ji ba.

Ƙarfe goma jami'ar ta iso, wata matashiya da takalmin roba da tocila. Abin da ya fara ba ni mamaki, ko kallon sharar da na yi ba ta yi ba. Ta rarrafa ta leƙa ƙarƙashin daɓe, ta shafa kawunan ƙusoshi, ta ƙwanƙwasa katako tana saurare, ta tsaya a gaban wani tsohon gyara da aka yi da allon jirgi tana murna kamar ta tsinci zinariya. Tsufan da nake so in ɓoye mata, shi ta zo nema. Sai na tuna zauren babanmu a Zariya, na ƙasa, mai dagi a goshi, wanda yayana ya rushe ya yi shaguna na bulo. Ranar har guɗa na yi. Ko hotonsa ba mu da shi.

Da ta zo kan ginshiƙi ta ga saman ya yi fari fes, ta juyo. Linda ta fara kame-kame. Na ce, “Ni ce. Na ɗauka datti ne, na wanke.” Ta sa aka rufe ƙofa, ta kwantar da hasken tocila a jikin katakon ta gefe. Sai ga na biyu da na uku sun fito, don masu rubutun sun danna fensir har ya yi gurbi. Ta hau akwati ta haska can sama. Ta juya tocilar dama, ta juya hagu. Babu komai, alli ba ya barin gurbi.

Ta sauko ta ce gaskiya wannan shi ne mai muhimmancin. Shi zai nuna ginin yana tsaye tun kafin babbar guguwar da ta share bakin ruwan garin. In babu shi, za a iya cewa bayanta aka sake gina shi, kuma hakan zai rage masa daraja ƙwarai.

“Rabi, tashe ni.”

Mama ce, daga kujerar da muka zaunar da ita a bakin ƙofa. Da sunana ta kira ni, ba na ƙanwarta ba. Na kama ta muka taka har gaban ginshiƙin. Ta ɗaga sandarta ta ɗora kanta a kan farin wurin, daidai inda na goge.

“Nan ya tsaya,” ta ce. “Ina da shekara bakwai.”

Jami'ar ta yi sauri ta kunna rikoda a wayarta. Mama ta faɗi sunan guguwar da shekarar ba tare da ta yi tunani ba. Ta ce babansu ya tafi kai jirage cikin rafi ya ɓoye su, ruwa ya rutsa su a nan, ita da uwarta da ƙanwarta jaririya. Suka hau bene. Ruwa na hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa. Uwarta ta ɗauki gatari ta fasa bangon benen ta gabas, don in ya iso su fita su hau rufi. Bai iso ba. Da ya janye, uwar ta sauko da jaririya a kafaɗa, ta ɗauki allin da ake sa wa akwatunan kifi alama, ta ja layi. Ta ce uwarta ba ta yi makaranta mai nisa ba, harafi ɗaya ma a juye ta rubuta shi, babansu ya so ya gyara ta ce kada ya taɓa.

Matar da ba ta san ko ta karya kumallo ba, ta yi kusan rabin awa tana magana, ba ta maimaita komai ba. Linda na kuka, ta ce ita ma ba ta taɓa jin zancen gatarin ba. Jami'ar ta hau benen da tocilarta, muka ji tana jan tsofaffin raga. Can ta leƙo, gashinta duk yana, ta ce ga shi nan. Ramin na nan a bangon gabas, an toshe shi da wani katako daban, saran gatari duk a gefensa.

Kafin ta tafi ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, kwamiti ne, amma za ta rubuta cewa ginin ya cancanta, kuma ba a rushe abin da ke gaban kwamiti. Baba Wili ya cire hula ya jefa sama. Ni kuwa guɗa ta ƙwace mini, tsuntsayen da ke kan rufi suka watse, jami'ar ta dafe ƙirji. Sai da Linda ta yi mata bayani cewa murna ce. Ta juyo ta roƙe ni da girman Allah kada in ƙara wanke komai.

Kowa ya yi farin ciki, ni ma na yi, amma nawa da sauransa. An ceci gini, rubutun uwar Mama kuwa ya tafi, kuma hannuna ne ya tafi da shi. Washegari da safe mun gama loda mota, Mama ta ce a kai ta gidan kifi ta yi sallama. Muka shiga mu huɗu. Ta tsaya a gaban ginshiƙin ta ɗaga kai. Linda ta ce ko a sake rubuta na kaka yadda yake? Mama ta ce a'a, ba hannunta ba ne, a bar wurin haka. Sannan ta ce wa Baba Wili ya ba ta fensirin da ke kunnensa. Ta miƙo mini.

“Hau akwatin.”

Na ce, “Mama, don Allah ki yafe mini.”

“Na ji wannan jiya,” ta ce. Ashe ta ji. “A gidan nan, duk wadda ta shigo mana da ruwa ta yi ɓarna, sunanta ake rubutawa a inda ruwanta ya tsaya. Ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ke kuma naki ya fi na kowa hawa. Hau ki rubuta.”

Baba Wili ya riƙe mini akwatin, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na hau, idona ya cika har ba na gani sosai. A saman farin wurin, ɗan sama da inda hannun uwarta ya taɓa kasancewa, na ja layi, na rubuta Rabi da shekarar bana.

“Danna da ƙarfi,” in ji Mama daga ƙasa. “Kada wata mai tsabta ta zo ta goge.”